Saƙonninki Bakwai a Hoto Ɗaya

Zuwa ga yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda ta same ki da rai da lafiya a duk inda kike. A shafina na rubuta ta, inda kowa zai karanta, don ba ni da lambar da zan aika miki.

Yau kwana ashirin da uku da saƙonki na ƙarshe. Kin ce, "Gobe za a sa mu a jirgi. Kada ki gaya wa Inna tukuna." Daga nan shiru. Kawu Sale ya je filin jirgin Kano sau uku, bai gan ki ba.

Tun ranar da aka kama ki a bakin kasuwar Hindawiyya a nan Makka, kular masar da kike sayarwa a hannunki, ba igama, wato takardar izinin zama, saƙo bakwai kika turo min daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, duk da wayar aro. Kowanne ya shigo sai in ɗauki sikirinshot ɗinsa, don kada mai wayar ta goge. Na kuma ɗauki fuskarki a kiran bidiyon nan guda da ya yanke kafin mu gama gaisawa.

Ranar Talata na yanke shawarar in yi cigiyarki. Na san mutane, ba sa buɗe hoto takwas, ɗaya suke kallo su wuce. Da mai shagon da nake yi wa katin biki a Rusaifa ya fita bayan azahar, na buɗe manhajar gyaran hoto a kwamfutarsa. Na yanke gefen kowane saƙo, na ɗora su hawa-hawa, ɗaya kan ɗaya, na ɗan karkata kowanne, na sa masa inuwa a ƙasa kamar takardun da aka watsa a kan tabarma. Fuskarki na sa a sama. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da na yi awa biyu.

Kin tuna saƙo na huɗu? Wanda kika ce in gaya wa maƙwabciyarmu Habiba ta kwashe yara ta koma gidan da kika kwatanta, can 'yan sanda ba su cika shiga ba. Na tura shi ƙarƙashin na biyar, na ga ya rufu. Amma saboda son kyau, na ɗan sa na saman ya yi shara-shara. Da la'asar na saki hoton.

Ina isa gida na tarar da Habiba a ƙofa, ƙafarta ba takalmi. Ta ce, "Zainabu, kin kashe mu." Ta buɗa hoton da yatsu biyu ta kai min har hanci. Ga launin ƙofar gidan nan, ga rabin sunan mai gidan, ana karantawa ta cikin na saman. Yaya, mutum goma sha ɗaya ne a gidan, babu mai takarda ko ɗaya.

Nan take na goge, amma wasu sun riga sun tura gaba. Kafin magariba gidan ya watse, kowa da ƙullinsa, har da tsohuwar da sai an ɗauke ta. Har yau ba wanda ya zo nemansu, alhamdulillahi, sai dai duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa ta taga. Habiba ba ta amsa sallamata. Ban ga laifinta ba. Ni ina da igama ta wajen mijina, shi ya sa na iya yin ganganci da abin da su ba sa wasa da shi.

Washegari na sake aikin. Wannan karon ban rufe ba, goge kalmomin na yi daga tushe, na haɗe hawan duka suka zama ɗaya, na buɗa kowane lungu na duba har sau uku.

Hoton ya yi yawo, Yaya, har ya kai inda ban so ba. Jiya mai kitso ta nuna wa Inna a wayarta, a zatonta ta sani. Wata guda ina ce mata kina aikin girki a Mina.

Ta kira ni ɗaki. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta ce in karanta mata su duka bakwai, a hankali. Na karanta. Ta ce in ƙara girman fuskarki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta rame." Tun jiyan ruwa kawai ta sha. Ta ce in rubuta miki cewa ta ji, kuma tana nan daram, kada ki ji tsoron kira saboda ita.

To na rubuta. Ko wayar wa kika samu, ko kalma ɗaya ce, ki turo. In kunya ce ta hana ki, wallahi ba abin kunya. In ciwo ne, ki sa wani ya faɗa mana garin da kike.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda Rabi'atu take. Ka tsare ta, Ka rufa asirin waɗanda na tona ba da nufi ba, Ka ba Inna tsawon ran da za ta ji muryar 'yarta.

Taki har kullum,
Zainabu
Hindawiyya, Makka