Rasuwar da Muka Ɓoye wa Juna a Tsakiyar Teku

Apa Rehana, ki taimake ni, na ƙulla abin da na kasa kwancewa, kuma saura kwana tara a yi sadakar arba'in. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu aka cire ni daga makaranta, ragowar ilimin a bakin taga na tsince shi. Shekaruna saba'in da huɗu, jikoki shida, haƙora goma sha ɗaya, kuma duk suna aiki.

Ɗana Shoeb ne ya kai mu yawon jirgin ruwa watan jiya. Ba don Allah ba, ki sani. Ƙanwar matarsa ce ta je Dubai ta cika mana waya da hotuna, sai Rukhsar, surukar tawa, ta kamu da wani ciwon kai wanda ba shi da magani sai teku. Kwana biyar, daga Mumbai zuwa tsibiran Lakshadip mu dawo. Ni da shi da ita, da 'ya'yansu biyu waɗanda sun isa aure amma ba su isa ɗaga kai daga waya ba. Ni an tafi da ni ne don kada mutanen unguwarmu Mahim su ce an bar tsohuwa gadin gida.

Jirgin kam gari ne guda, ba zan yi masa ƙarya ba. Hawa goma sha ɗaya, abinci tun safe har ka ji kunyar cikinka. Amma muna barin tasha ranar Litinin, gine-ginen Mumbai suka ɓace, sai kowace waya ta mutu a hannun mai ita. Da kin ga fuskoki. Manyan 'yan kasuwa masu tumbi suna zagaye saman jirgi da waya a sama kamar masu neman jinjirin wata. Su kuwa masu jirgin sun san abin da suke yi. Tebur suka kafa, da wani ma'aikaci mai fararen kaya da murmushin mai tallan magani a mota, yana miƙa takarda mai launi uku. Data ta saƙo kaɗai, rupi ɗari tara a rana. Ta tsakiya, wadda za ka ga hoto da ita idan kana da haƙuri, dubu ɗaya da ɗari shida. Babbar, ta kallon fim da kira ido da ido, dubu biyu da ɗari biyar. A rana fa, 'yar nan, kuma waya ɗaya tak. Ni a gida ɗari uku nake sa wa tawa, ta kai ni wata guda har in yi gulma da ragowar. Na tambayi mutumin ko tasu da man shanu ake soya ta. Ya ce wai daga tauraron ɗan'adam take saukowa. Na ce to a gaishe min da tauraron, ya iya ciniki.

Shoeb, wanda ya biya kuɗin ɗaki mai taga ko ido bai ƙifta ba, a gaban teburin nan ya tuna shi ɗan talaka ne. Ya sayi ta tsakiya guda ɗaya, wai saboda shagonsa na tayil, ya kuma yi mana wa'azi cewa hutawa muka zo, kowa ya ajiye waya ya kalli ikon Allah. Shi kuma ya ci gaba da kallon ikon Allah ta cikin tasa wayar. Ranar farko ya ɗan sam wa yaran, minti goma-goma kamar rabon maganin tari. Daga safiyar Talata ya hana kowa. Na ɗauka rowar ce ta yi tsanani.

To ni ba na son raini. Na lura da yadda ake shiga abar: lambar ɗaki, sai ranar haihuwar wanda ya saya. Ranar haihuwar Shoeb kuwa, Apa, wa zai gaya min? Kwana biyu na yi ina naƙudarsa. Ranar Laraba bayan azahar ya tafi cin abinci zagaye na uku, na zauna a ɗaki na danna lambobin da yatsa ɗaya. Ta buɗe. Abin da ban sani ba, idan waya ɗaya ta shiga, ɗayar ake korowa waje. Daga baya na ji ya bi layi minti arba'in a gaban teburin nan yana zagin tauraron ɗan'adam. Wannan ɓangaren har yau idan na tuna sai na yi dariya, Allah ya yafe min.

Niyyata kawai in aika wa Zaitun hotona da hular rana a kan mayafi, in ce mata ta ci gaba da zama da magunanta. Zaitun maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa shekara hamsin da ɗaya. Wata ɗaya aka kawo mu benen muna amare. Faɗan da muka yi a kan igiyar shanya ya fi duk wanda na yi da marigayi mijina a kan komai. Ranar da za mu tafi ta leƙo ta ce idan jirgin ya nutse in bar mata tukunyata ta tagulla da nake dafa shinkafar biriyani.

Saƙon murya na tarar daga 'yarta Tabassum. Zaitun ta rasu da asubahin Talata, zuciya ce, za a binne ta bayan la'asar. Na duba guruf ɗin mutanen benenmu, ga rubutun ɗana tun safiyar Talatar. Ya yi ta'aziyya, sannan ya roƙi kowa kada a gaya wa Ammi, wato ni uwarsa, sai mun sauka, kada hawan jininta ya tashi a inda babu asibitin kirki. A guruf ɗin da ni ma nake ciki ya rubuta, don ya tabbata farashin data ya kulle ni a waje. Wannan fa shi ne mai digirin gidanmu.

Na kashe wayar. Na zauna ina kallon ruwa ta taga, ban san tsawon lokacin ba. Sannan na wanke fuska, na sa kwalli, na fita shan shayin yamma.

Ban ce masa komai ba. Na ce bari in ga iyakar ƙaryarsa. Kwana uku na gasa shi a hankali, kamar kifi a kan garwashi. A tebur sai in ce da Zaitun ta ɗanɗana wannan miyar da ta ce mai dafa ta bai taɓa ganin kwakwa ba, sai ya ajiye cokali. Na ce ya ara min wayarsa minti ɗaya in gaishe ta, ya ce data ba ta ja yau, hadari ne. Sama kuwa tas, ko gajimare ɗaya babu. Ranar Alhamis na ja shi shagon jirgin, inda komai ninki huɗu ne, na zaɓi mayafi mai ruwan toka na rupi dubu shida, na ce tsarabar Zaitun ce. Ya biya, ko ragi bai nema ba, mutumin da ke neman ragi a wurin mai aski. Rukhsar ma ta sani, don ta daina yi min gardama, kuma ita ba ta yin haka kyauta. Yammacin Juma'a aka yi kiɗa a saman jirgi, jikokina da ba su san komai ba suka ja ni, na taka rawa, aka ɗauke ni hoto baki har kunne.

Sai da muka sauka ranar Asabar, a cikin tasi, ya riƙe hannuna ya faɗa min yana kuka kamar ranar da aka yi masa kaciya. Ni kuma na yi abin da ake tsammani. Na yi salati, na dafe ƙirji, na ce ashe haka za ka yi min, Shoeb. Tun daga ranar shi ne mugun unguwa. Matan bene sun ce ya hana uwarsa makokin ƙawarta don kada kuɗin jirginsa su tafi a banza. Yayarsa da ke birnin Pune ta daina ɗaga wayarsa. Kullum da safe shi yake kawo min shayi da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo neman aiki. Ya rame. Da farko abin ya yi min daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai shekaranjiya Tabassum ta kawo min kwanukan da uwarta ta ara tun bara. Za ta fita ta tsaya, ta ce a hankali wai ta ga alamar saƙonta ta koma shuɗiya ranar Laraba ƙarfe biyu da kwata, ta yi ta jira in kira. Ta juya ta fita. Ashe wayar ma munafuka ce.

To ga ni nan. Idan na faɗa, ni ce tsohuwar da ta san an binne ƙawarta ta tafi rawa, ta kuma bar ɗanta yana shan zagi wata guda. Idan na yi shiru, Tabassum ta sani, kuma ranar arba'in kowa zai hallara, yayarsa ta rantse sai ta wanke shi tas a gaban jama'a. Ni dai a ganina laifin masu jirgin ne. Da sun sayar da abarsu da farashin mutane, da kowa ya ji labari a wayarsa mu yi kukanmu tare. Ki gaya min gaskiya, amma ki tausasa, hawan jinin nan ba ƙarya ba ne.

Kaka Mai Haƙora Goma Sha Ɗaya, Mahim

*

Inna,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A na farko na yi dariya, a na biyu ban yi ba.

Masu jirgi ba zan kare su ba. Gaskiya ne kai intanet tsakiyar teku yana da tsada. Amma wanda ya sa kuɗi a kan kowace waya a kowace rana ya san iyali mai mutum biyar ba za su sayi biyar ba, ya kuma san babu wani shago a gefe da za a nufa. Wannan tare hanya ne, an dai sa masa fararen kaya. Masu karatu da ke shirin irin wannan tafiya, ku tambayi farashin tun kafin ku biya kuɗin ɗaki, sau da yawa ya fi sauƙi idan an saya kafin a hau. Ku tambayi waya nawa ke shiga lokaci guda. Ku bar wa na gida lambar da ake samun jirgin idan abu ya faru. Idan kuma akwai dattijo a cikinku, ku saya masa ko da ta saƙo kaɗai ce, domin shi ne ya fi kowa mutanen da za a iya rasawa cikin kwana biyar. Sai dai, Inna, masu jirgi data suka tsauwala. Ba su suka zaɓi mayafi mai ruwan toka ba.

Shoeb ya yi kuskure biyu. Na farko rowa, wadda ta mai da shi ƙofar labari shi kaɗai ga mutum biyar. Na biyu yanke miki hukunci kamar ƙaramar yarinya, alhali macen da ta binne iyaye ta binne miji ta fi shi sanin yadda ake karɓar mutuwa. Amma ki duba dalilin da ya rubuta, hawan jininki ne, wanda ke da kanki kika ce ba ƙarya ba ne. Mutumin da ke tsoron asarar kuɗin jirgi ba ya biyan dubu shida a kan tsarabar wadda ya san tana kabari. Abin da matan bene ke faɗa a kansa ƙage ne, kuma ke kaɗai ce za ki iya kashe maganar.

Ke kuma kin ce kin yi shiru ne don ki ga iyakar ƙaryarsa. Rabin wannan kawai na yarda da shi. Farashin data kin ba shi rabin shafi, rasuwar Zaitun layi biyu, kuma babu inda kika ce kin yi kuka. Ina jin muddin ba ki furta ba, muddin kina zancenta a tebur kina saya mata tsaraba, to a wurinki tana nan a ƙofarta tana jira ki dawo ku yi faɗa. Ƙaryar Shoeb ta ƙara miki kwana uku da ƙawarki, kika karɓa. Ban ga abin kunya a nan ba. Abin kunyar a cikin tasi ya fara, kuma yana ƙaruwa kowace safiya da kika karɓi shayin nan.

Kada ki kai ranar arba'in. Gobe idan ya kawo shayi ki ce ya shigo ya zauna. Ki faɗa masa ke kika kore shi daga data ranar Laraba, ki faɗa masa abin da kika gani. Kada ki mai da shi labarin ban dariya. Na san kin iya, ki daure. Zai yi fushi, kuma yana da haƙƙi, ki bar shi ya yi. Bayan nan ki kira yayarsa a gabansa ki gaya mata da bakinki. Matan bene ba sai kin bi su ɗaya-ɗaya ba, ki faɗa wa guda ɗaya, kin san wacce nake nufi.

Sai Tabassum, wadda aka fi kowa ɓata wa, kuma a wasiƙarki tsoronta kawai na gani. Uwarta ta rasu da asuba, cikin mutanen farko da ta nema har da ke. Ta ga kin ji, ta zauna tana kallon waya. Ba tona miki asiri ta zo yi ba, da shi take so da ta yi tuni. Kiran nan take jira har yanzu. Ki tsallaka ƙofar, taku uku ne, babu mai cajin ki ko rupi ɗaya. Ki zauna a ɗakin Zaitun, ki gaya wa 'yarta kasawa kika yi, ki yi kukan da kika riƙe tun daga teku.

Allah ya jiƙan Zaitun, ya ba ki haƙurin rashinta, ya daidaita tsakaninki da ɗanki, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Taki,
Apa Rehana