Ruwan da Nina Ba Ta Sha Ba

Garin Crail, New Mexico, Yuli 1988

Zuwa ga 'yata Rosalba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikata Lupe. Ni ma lafiya lau, in ban da ƙafar hagu.

Kafin ki ji a bakin 'yan gari: ubanki ya faɗa rijiya. Muna gwajin wasan Ranar Gwamna, na manna gemu, na ɗaga hannu zan yi jawabin nan na cikin fim ɗin da aka yi kan Gwamna, sai na jingina da rijiyar da masu fim suka bar mana a dandali. Kin san katako ce da fenti. Ta rufta da ni. Zurfinta bai kai gwiwa ba, amma ta ci mini idon sawu. Wendell mai aski ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe Gwamna Crail, guga za a miƙo ko likita?" Na ce, "Miƙo bakinka in toshe ramin."

Ga maganar. Bana babu yarinyar da za ta durƙusa ta karɓi moɗar ruwa daga hannun Gwamna. Ki ba mu aron Lupe. Kakarta Nina, mahaifiyarki, ce ta yi wannan a fim ɗin kansa tana ƙarama, gari duk ya sani. Tunda Allah ya yi mata rasuwa, wa ya fi jikarta dacewa? Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu ni da malami muka gaji da juna.

Ubanki gurgu,
Orval

Albuquerque, Yuli 1988

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Sannu da ƙafa, Allah ya ba ka lafiya.

Lupe ba za ta zo ba. Na so in yi shiru kamar yadda Mama ta yi, na kasa.

A fim, Gwamna ne ya haƙa rijiyar da hannunsa ya shayar da talakawan Archuleta. Baba, Archuleta dangin Mama ne, kuma kakan kakanta ne ya haƙa ta tun Crail bai san hanyar kwarin ba. A shekarar fari mutanen Crail suka kewaye ta da waya. Yaran da ƙishirwa ta kashe suna kwance a gefenta, bayan tudun gabas. Can rijiyar gaskiyar take.

Ka tuna duk shekara, in ka zo wurin miƙa moɗa, Mama takan tashi ta ce za ta duba wake a kan wuta? Ba gida take zuwa ba, wurin yaran take zuwa. Ni nake riƙe mata fure.

Ka sa kaset ɗin, ka bar kallon Gwamna. Ka kalli yarinyar.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rosalba

Garin Crail, Agusta 1988

Rosalba 'yata,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, bakin Wendell ne dai bai warke ba.

Da na karanta takardarki na yi fushi. Na ce yarinya ta yi karatu ta zo za ta koya mini fim ɗin da na haddace har tarin doki. Na sa kaset don in ƙaryata ki.

Ta durƙusa. Ya miƙa mata. Ta ɗaga moɗar har gaban baki, sai aka mai da hoto kan fuskarsa, kiɗa ya tashi. Na mayar, na sake mayarwa. Ba ta sha ba, Rosalba. Leɓenta a rufe yake gam. Kuma ba shi take kallo ba, idonta na kan wani abu bayan kafaɗarsa, ta gabas. Wannan kallon na san shi. Shi take mini in ina gyara gemu a madubi ina tambayarta, "Na yi kama da shi, Nina?" Takan ce, "Sosai ma, Orval." Ni kuma in yi ta washe baki.

Tun ranar, duk sanda aka zo wurin moɗar, sai in ji ƙofar kicin ta buga, kamar yadda take bugawa in ta fita. Na ce iska ce. Na sa kujera na danne ƙofar. Ta buga.

Jiya na dafa wake da koren barkono, na tsaya a kansa kamar soja. Ashe wake ba ya buƙatar a duba shi haka.

Me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba? Wendell ya ce, "To, fim ne fa, ai sai an ƙara gishiri." Na ce gishiri ne ya cika kaburbura? Amma gari na jirana ranar Asabar, gemun yana rataye a ƙusa.

Ubanki,
Orval

Albuquerque, Agusta 1988

Baba,

Gaisuwa. Na taɓa tambayarta. Ta ce, "Ranar Gwamna ce kaɗai ubanki yake tafiya da ƙirji a buɗe. Ki bar shi." Sunayen yaran kuwa, Inna Eloisa, 'yar'uwar Mama, ce kaɗai ta rage da ta san su.

Ka huta lafiya.
Rosalba

Garin Crail, Satumba 1988

'Yata,

Ina gaishe ki. Na hau dandali ranar Asabar. Da aka zo wurin moɗa na ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri, zan je in duba wake." Suka kwashe da dariya, sun zata sabon wasa ne. Na ɗingisa da sandata har bayan tudu, gemu a aljihu, moɗa a hannu. Duwatsu ne ƙanana, babu rubutu. Na zuba musu ruwan. Ban san wa zan kira ba.

Ƙofar tana bugawa har yanzu.

Innarki Eloisa ba ta amsa gaisuwata ba tun ranar da na fara sa gemun nan. Gobe zan je ƙofarta in tsaya. Har sai ta buɗe.

Ki shafa mini kan Lupe.

Ubanki,
Orval