Muryar Yayana Ta Cika Mana Faifai

Malam Zaidu, don Allah ka taimake ni, kwana tara ke nan na kasa danna maɓalli ɗaya.

Ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyar manomanmu a Filinge. Yayana Kailu ne ya kafa shi, Allah ya jiƙan shi. Kowace ranar kasuwa yakan zauna da tsofaffin yankinmu na Kurfai, ya ɗauki muryarsu suna ba da labarin irin gero da shekarun yunwa, ya ɗora a shafin. To ka san rezo, wato layin intanet, na garinmu. Sai ya ɗora sau biyar yana yankewa, yana tsaki, ni ina yi masa dariya. Ina kewar waɗannan ranakun ƙwarai.

Watan jiya wani Ibrah a Yamai ya sabunta mana sabar, na'urar da shafin ke zaune a kanta. Tun ranar faifan ajiyarta ya cika, ko sanarwar rabon iri ba ta hawa, ga damina ta matso. Ibrah ya ce fayilolin wucin gadi ne sabuntawar ta kwaso ta bari, duk guntayen da rezo ya yanke tun zamanin Kailu. Wai shara ce, in goge.

Na buɗe ɗaya. Ashe Kailu yakan fara ɗora ɗanyen sauti, in ya ƙi hawa sai ya datse farkonsa don ya yi sauƙi. Abin da ya datse shi ne muryarsa: yana gaida tsohuwa Tambara, yana korar akuya, yana kiran sunana in kawo ruwa. Babu inda muryar nan ta rage sai a sharar. Yaya zan yi?

Ƙanwar Kailu, Filinge

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Kailu. Ibrah yana da gaskiya, ke ma kina da ita. Ga na'ura, shara ce. Gare ki, ɗan'uwa ne. Amma sabar ba wurin ajiya ba ce, wata sabuntawar tana iya share wurin ba tare da ta tambayi kowa ba. Muryar da kike karewa a nan ta fi zama cikin haɗari.

Kada ki goge komai yau. Ki sa Ibrah ya kwashe fayilolin duka zuwa kile biyu, ƙananan ma'ajiyan nan da ake soka wa kwamfuta, ɗaya gare ki, ɗaya ga wani na gida. Ki buɗe su a wata na'ura, ki ji da kunnenki sun hau. Sannan ya ware abin da shafin ke amfani da shi, ya share saura, ya saita sharewa duk mako.

Manoma kuwa suna jiran sanarwarsu, ruwa ba zai jira ki gama kuka ba. Kailu ya yanke muryarsa da hannunsa don ta mutane ta samu hawa. Ke an sauƙaƙa miki, za ki ɗora tasu ki kuma tafi da tasa gida. Allah ya ba ki haƙuri, ya kawo damina mai albarka.

Malam Zaidu