A Kwantar Masa da Ruwan

Baba,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. In ka shiga shago ka tarar babu igiyar ruwan takarda da ka yi wa ɗan kwale-kwalen adon nan, kada ka tada hankalinka. Ni na ɓamɓare ta.

Jiya kana wajen likitan ido Madam Perrine ta zo daga Mahébourg ganin aikin da ta ba ka. Kwale-kwalen ya yi mata, ta ce sak na mijinta da ya nutse bara. Da ta kalli ruwan kuwa sai ta ce, "'Yata, wannan ai ruwan da ya tafi da shi ne. Ba zan iya ajiye shi a falo ina kallo kullum ba. Don Allah ku kwantar masa da shi."

Na san wahalar da ka sha wajen cukuikuye takardar nan da sa mata farin kumfa, ka yi haƙuri. Na manna wata mai ɗan kaushi, na shafa mata kore mai haske irin na bakin gaɓa da safe. Ba ta bushe ba, kada ka taɓa. Akwai gurasar farata da miyar kifi a kicin.

In ta bushe ka shafa man sheƙi, ka ɗora kwale-kwalen a miƙe, ban da karkatawa. Ran Lahadi Madam Perrine za ta dawo da jikokinta, tana so su ga yadda kakansu yake fita kamun kifi.

Solange