Bangon Yaya Furera Ya Fito Launi Biyu

Malam Ɗangana, don Allah ka agaje ni, ina cikin halin da ba ni iya faɗa ma kowa a garinmu. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, na shekara goma sha biyar ina cinikin albasa a kasuwar Madawa, ba a taɓa cin galabata da baki ba. Yau ga ni ina zagaye ta bayan gari don kada in wuce gaban wani bango.

Bara da damina ɗakin yayata Furera ya faɗi. Mijinta ya rasu, ya bar ta da ɗiya huɗu. Da rani ya shigo, Baba Halidu, dattijon unguwarmu, ya kira gayya. Kwana uku maza suna kwaɓa jar ƙasa a bakin tabki, mata suna kai fura. Aka buga tubalin ɗaki biyu, aka danƙa mini ginin tunda ni ne namijin gidan.

Ana nan albasa ta nuna. Kamyon da ke kai albasa Abijan ɗaya ya rage, ya cika, tawa kuwa ta fara laushi a rumfa. Mai motar yana gini a Madawa, ya taɓa ganin tubalinmu ya yaba. Ni dai ban ce sayarwa na yi ba, Malam, musaya ce. Ya sama mini wuri a mota, amalanke ta kwashi rabin tubalin ranar kasuwa da gari ba kowa. Na cike gurbin da na masu bugawa a bakin gudoro, hanyar kwalta, fari fat, mai yashi. Na ce a raina ai tubali tubali ne. Na gaya ma Kalla magini ya ɓoye fararen ta baya, ya yi yaɓe da wuri, na hau mota.

Da na dawo, me zan gani? Daga ƙasa zuwa taga ja, daga taga zuwa sama kamar toka, kuma ta fuskar da ke kallon hanyar rijiya. Kalla ya ce yadda aka sauke masa ya gina, kuma shi ba ya yaɓe a kan abin da bai yarda da shi ba. Na manta cewa da ƙafarsa aka taka ƙasar gayyar.

Baba Halidu ya zo barka da zuwa. Ya kankari bangon da farce, yashi ya zubo, ya kakkaɓe hannu, ya tambaye ni gajiyar hanya, ya tafi. Da mari ya yi mini da na fi jin daɗi.

Yaya Furera kuwa na ce mata rana ce ta koɗar da saman. Ta yarda, ko ta nuna ta yarda. Shekaranjiya har faɗa ta yi da mata a rijiya, wai ƙanenta da ta goya ba ya cin amana.

Wani ya ba ni dabara in dafa makuba, in dama da jar ƙasa, in shafe saman, kwana biyu launi ya zo ɗaya. Ko kuma in rushe daga taga zuwa sama. To amma damina saura wata guda, kuma rushewa ai na amsa laifi ke nan gaban gari. Wanne zan yi?

Mai Albasa, daga wajen Tama

Mai Albasa, sannu da wannan nauyi. Kunyar da ta sa ka zagaye ta bayan gari alama ce akwai sauran alheri tare da kai. Sai dai mu kira abin da sunansa: sayarwa ka yi, kuma kayan ba naka ba ne. Don gwauruwa da marayunta aka yi gayyar, ba don albasarka ba.

Makuba ba abin rainawa ba ce, tana ƙara wa bango ƙwari tana kare shi daga ruwa. Amma ba ta mai da yashi yumɓu. Ka ɗauki fari ɗaya da ja ɗaya, ka sa kowanne a kwanon ruwa, Kalla yana tsaye. In farin ya riƙe kusan yadda jan ya riƙe, bar bangon, a yi yaɓe, a shafa makuba. In ya narke, ka rushe, domin yara huɗu za su kwana ƙarƙashinsa ranar da ruwa ya zo da iska. Wata guda ya ishi rabin bango in ka fara gobe.

Batun tona kai kuwa, ka makara. Kalla ya sani, Baba Halidu ya sani, masu zuwa rijiya sun sani. Wadda ta rage tana faɗa dominka ita ce za ta fi kowa jin kunya ranar da wani ya gaya mata. Ka riga shi. Je ka durƙusa gabanta tun kafin ka taɓa bangon, ka faɗi magana ba ciniki a ciki. Daga nan ka wuce wurin Baba Halidu.

In rushewar ta kama, kada ka ɗauki ɗan ƙodago, kada ka nemi gayya ta biyu. Ka naɗe wando ka shiga ƙasar tabkin da kanka, da rana tsaka. Za a yi maka dariya, ka daure. Mai yiwuwa wani ya tsaya ya miƙo maka ruwa.

Allah ya sanyaya zuciyar yayarka, ya sa ta shiga ɗakinta kafin ruwan fari.

Malam Ɗangana