Wanda ya auna kujerar motata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ko harafin farko kada ka saka, akwai 'yan garinmu da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini dariya, don na san farkon maganar abin dariya ne.

Ni ma'aikacin jinya ne a Gusau, amma ɗan Gummi ne, can Innata take ita da ƙanwata mai kula da ita. Tun rasuwar mahaifinmu na ɗaukar wa kaina duk Juma'a in an sauko masallaci in kama hanya, in kwana biyu wurinta, Lahadi in juyo. Bara wani likita da muka yi aiki tare zai bar ƙasar, sai ya sayar mini da motarsa, irin 'yar ƙaramar nan ta tsere mai ƙofa biyu, ja wur, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, son a gani ne ya sa na saya. Tun ranar matata ta ce wannan ba motar mai iyali ba ce, abokan aiki suka sa mata suna kwaɗo, ni ko a jikina, ina ji da kaina.

To matsalar ita ce kujerar. An yi ta ne don siririn mutum, gefe da gefe ta taso ta matse ka kamar an cusa ka a bokiti, ni kuwa Allah Ya hore mini jiki. A cikin gari ba na jin komai, amma in na ɗauki doguwar hanya, kafin in kai Anka ƙuguna ya fara, in na wuce Anka kuwa sai cinyar dama ta ɗauki zafi, daga nan ƙafar ta mutu gaba ɗaya. Akwai ranar da na taka birki ban ji ƙafata ba sam, saura kaɗan in shige ƙarƙashin motar itace, Allah ne kawai Ya tsare. Babu abin da ban gwada ba. Na daina sa walat a aljihun baya, na naɗe darduma na zauna a kai, na ɗauko filon ɗaki har muka yi faɗa da matata a kansa, na ja kujerar baya na kwantar da ita. Na kai wa mai gyaran kushin, ya taɓa ya ce ƙarfe ne a cikin gefen ba ya yankuwa, sai dai ya rage soso, ya rage ɗin kuwa, sai ga ni zaune kan ƙarfe tsirara. Na sa motar a kasuwa, duk wanda ya zo sai ya leƙa ƙasanta ya tuna ramukan hanyarmu ya yi gaba. Daga ƙarshe na bi shawarar da mu kanmu muke ba marasa lafiya, wato in riƙa tsayawa a hanya ina miƙe ƙafa.

Akwai wata ɗorawa a bakin titi a yankin Bukkuyum, ba zan faɗi daidai wurin ba. Nan ne ƙafar take kai maƙura, kuma nan la'asar take riskata, sai wurin ya zame mini zango. Wani tsoho yana sayar da rake a gindin bishiyar, Baba mai rake nake ce masa. In na tsaya sai in fito ina ɗingishi, in zaga motar sau biyu uku, in ari butarsa in yi alwala, in yi sallah, in sha rake gaɓa biyu in wuce. Kowace Juma'a, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da jar mota wadda babu irinta a duk hanyar. Yanzu da nake rubutawa nake ganin wautata, amma wallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba, duk da kullum muna jin labarin tare hanya da ɗauke mutane, gani nake da rana tsaka ce kuma bakin titi ne.

Wajen wata na biyu sai na fara tarar da wani mutum a wurin, zaune kan babur. Ba zai wuce shekara arba'in ba, fes da shi, mai sanyin murya, ya iya gaisuwa. Ranar farko ya ga ina jan ƙafa ya yi mini sannu, ya tambayi abin da ya same ni. Ni kuma Allah Ya yi ni da surutu, na kwashe labarin kujera kaf na ba shi, har da buɗe ƙofa ina nuna masa inda take matse ni. Ya yi dariya ya ce mota mai kyau ba ta rasa hali. A hankali hira ta yi hira, ya san aikin jinya nake, ya san Gummi nake zuwa wurin tsohuwa, duk da bakina na faɗa masa, babu wanda ya matsa mini. Wata rana ya tambaye ni wai in ƙarfe ya shiga jikin mutum ya kwana uku a ciki, ana iya cirewa a gida? Na ce a'a sai asibiti, wa ya ji ciwon? Ya ce wani ɗan uwansa ne garma ta sara. Na lura duk lokacin da yake wurin Baba mai rake ba ya sa mana baki, sai ya duƙar da kai yana ta fere rake ko babu mai saye. Har yau ban san sunan mutumin ba, sau biyu ina tambaya yana cewa ai mun riga mun zama 'yan uwa.

Wata Juma'a na iso ba ya nan. Bayan na idar da sallah Baba ya jawo wani buhu ya miƙo mini, ya ce saƙo ne aka bar mini. Na buɗe sai ga matashin zama na jar fata, aikin dukawa na gaske, an cusa shi da rimi tam, da wani ƙarami na jingina baya. Na tambayi wa ya bayar, ya ce ai na sani. Na ciro tukuici na ba shi, tsohon nan ya janye hannunsa kamar na miƙa masa garwashi, ya ce shi dai ya isar, in tafi rana tana yi. Na ɗora matashin a kujera, jama'a, ya zauna ɗas kamar tare aka ƙera su. Ya cike ramin kujerar daidai, ya ɗaga ni sama da gefen da ke matse ni, har an yanke masa 'yar kafa a inda bel yake shiga. Ranar har na isa Gummi ko ɗis ban ji ba, ina tuƙi ina sa wa mutumin albarka.

Sai da na kai gida ina nuna wa ƙanwata, ta juya shi ta ce, Yaya, wanda ya ɗinka wannan ai sai da ya auna. Nan gabana ya faɗi. Ban taɓa barin kowa ya shiga motar a wurin ba, kuma da ido kaɗai ba za a dace haka ba. Lokaci ɗaya ne nake juya wa motar baya, in na kabbarta sallah, kuma ba na kulle ta. Ke nan ina tsaye gaban Ubangijina wani yana cikin motata da igiya ko da taƙi yana awo, tsohon yana kallo bai ce uffan ba.

Tunda ƙafa ta daina ciwo, ga kuma tsoro ya shige ni, sai na daina tsayawa. Na koma yin la'asar a Anka ko in bari sai na isa. Makon farko na wuce da gudu na ɗaga wa Baba hannu. Mako na biyu babu Baba, babu rake, sai babur biyu a gindin ɗorawar, mutumin yana tsaye ya harɗe hannu, ya bi ni da kallo har na ɓace. Mako na uku ranar Laraba ina wurin aiki baƙuwar lamba ta kira ni. Muryarsa ce. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi iyali, ya tambayi baya da ƙafa, ya ce matashi ya yi daidai kuwa? Na ce ya yi, na gode, Allah Ya saka. Ya ce madalla, amma su a wurinsu ba a godiya ta waya, kuma sun ga tunda na samu lafiya na daina tsayawa, ko sun yi laifi ne? Na ce aiki ne ya yi yawa. Na tambaye shi inda ya samu lambata, ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce sai Juma'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "mu" da "su" da yake ta cewa, alhali shi kaɗai na sani.

Juma'a biyu ban je gida ba, na yi wa Inna ƙarya na ce an sa ni aikin ƙarshen mako. Na faɗa wa matata gaskiya, ranar ba irin maganar da ba ta gaya mini ba, ta ce ta faɗa tun farko motar nan sai ta ja mana, ta ce in ƙona matashin in kai ƙara. Na ce in kai ƙarar wa, mutumin da ban san sunansa ba, a kan ya yi mini kyauta? Kuma kowa ya san yadda magana take fita, kafin in dawo gida labari ya riga ni isa daji. Wani aminina da muke aiki tare ya ce shi a ganinsa ba kuɗin fansa suke so ba, da tuni sun ɗauke ni ina sujada, hannuna suke so, mai ɗinke rauni da cire harsashi, kuma wanda ya je sau ɗaya ya zama nasu ke nan. Ya ƙara da cewa in 'yan sa-kai suka ji na karɓi kyauta daga irin waɗannan mutane, ba za su tsaya jin labarin ciwon ƙugu ba. Wani lokaci kuma sai in ce wa kaina anya ban zalunci bawan Allah ba, wataƙila baduku ne mai kirki ya ga ina wahala ya taimaka, ni kuma na saka masa da gudu. Ban taɓa ganin bindiga a hannunsa ba, bai taɓa yi mini barazana ba. Amma ina Baba mai rake ya shiga?

Jiya da hantsi Inna ta kira ni, muryarta cike da murna. Ta ce na yi baƙo. Wai abokina na hanya ya zo har gida gaishe ta, ya kawo mata zuma da ƙwan zabi, ya durƙusa har ƙasa, ya daɗe suna hira a tsakar gida. Ta ce, wanga aboki naka shina da kirki, ɗan mutane ne, don mi ba ka taɓa ba ni labarinai ba? Ya gaya mata zancen matashin, ya ce yana jin ko na yi fushi da shi ne. Inna ta yi mini faɗa sosai, ta ce ba haka ta rene ni ba, a yi maka alheri ka bi ta gaban mutum da gudu kamar ɓarawo, ta ce na ba ta kunya. Haƙuri kawai na ba ta, don tana da hawan jini, in na faɗa mata abin da nake zargi ban san me zai faru ba. Ban taɓa kwatanta masa gidanmu ba.

Ga inda na maƙale. Ranar Litinin Inna tana da ganin likitan ido a Gusau, an daɗe ana ɗaga mana, idon dama ya kusa rufewa, dole in je jibi in taho da ita Lahadi. Na ce mata ko ta hau motar haya ita da ƙanwata, ta ce ina da mota ba ta hawan haya. Na ce to mu zaga ta Sakkwato, ta ce ba ta iya wannan doguwar tafiya, kuma ma akwai dalili. Ta sa an sayo bandar kifi kwando guda da shinkafa 'yar gida, ta ce na abokina ne, kuma ta riga ta yi masa alkawari da bakinta cewa ranar Lahadi za mu tsaya a gindin ɗorawar ta miƙa masa da hannunta. Shi kuma ya ce mata za su jira mu.

'Yan uwa, tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, abinci ma ba ya shiga. In na tsaya, na kai kaina da mahaifiyata hannun mutanen da ban san ko su wane ne ba. In na wuce ko na ƙi zuwa, sun san ƙofar gidanmu, sun san tsohuwa ce da yarinya mace kawai a ciki. In faɗa wa Inna gaskiya in ɗauki kasadar jininta? In je ni kaɗai jibi in tsaya in ji abin da suke so, ko me zai faru ya faru a kaina? Ko in kwashe su daga Gummi gaba ɗaya, in raba tsohuwa da ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki saboda matashin zama? Masu sanin hanyar nan, da waɗanda irin haka ta taɓa samu, don Allah ku yi magana kafin jibi. Ɗazu ma Inna ta sake kira, wai in taho da wani babban buhu, kada kifin bawan Allah ya farfashe a hanya.