Bencunan Ɗakin Karatu Sun Tafi Zaman Makoki

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin Agadas? Yaya uwargida Rabi da yara? Mu nan gida lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi tun da muka kai ta asibitin Konni.

Yaya, an rufe ɗakin karatu. Abin ya fara ne daga bencunan nan da ka haɗa da hannunka kafin ka tafi. An yi rasuwa gidan wani konseye, wato kansila, aka aiko aron su don zaman makoki. Wa zai hana masu makoki wurin zama? Malam Isufu mai kula da ɗakin ya bayar. Daga nan sai suna, sai ɗaurin aure, kowa ya zo da amalanke ya ɗiba, ba wanda ya maido. Ɗiyata Hadiza mai shirin jarrabawa a ƙasa take zama, littafi bisa cinya, har ta gaji ta daina zuwa, ita da ƙawayenta.

Shi ne magajin gari ya leƙo, ya ga ba kowa, ya ce wai mutanen garin nan ba su son karatu. Ya sa aka garƙame ƙofa, littattafai na ciki gara na ci.

Jiya na je buronsa, ofishin nan nasa, in yi magana, aka ce in jira a waje. Ina zama na shafa gefen bencin, sai na ji alamar nan da kake sassaƙawa a kayanka. A kansa na yini, ban samu ganin mutumin ba.

Ka sa mu a addu'a, raina a ɓace yake. Inna na gaishe ka, a gaida yara. In ka dawo, kada ka ƙara yi wa garin nan ko kujerar tsugunno.

Ƙanwarka,
Zali